Suna Ɗaya, Hali Biyu: Sharhi Kan Rubuta Sauye-sauyen Laburaren Saba a Python

A watan Oktoban 2023 aka fitar da Python 3.12, ba a jima ba kuma wasu masu kula da manhajojin intanet suka fara kokawa da matsala iri guda. Manhajar da a da ake ba ta umarnin rufewa ta rufe nan take, yanzu an ba ta umarnin ta yi ƙememe. Ba ta fitar da saƙon kuskure ba, ba ta faɗi ba, ta dai maƙale tana jiran abin da mai ita bai sani ba. Alhali ko layi ɗaya ba a taɓa ba a cikin rubutun manhajar. Abin da ya sauya shi ne halin wani umarni guda a laburaren asyncio, mai suna wait_closed(). Sunansa yana nan, yadda ake kiransa ma yana nan, amma abin da yake aikatawa idan an kira shi ya zama daban.

Irin wannan ne ke tayar da tambayar da masu sana'ar suka daɗe suna tattaunawa. Idan laburaren da dubban manhajoji suka dogara da shi ya sauya hali daga wata siga zuwa wata, wa ke da alhakin sanar da jama'a? A ina za a rubuta? Me rubutun zai ƙunsa? Matsayina a kan wannan a fili yake: duk sauyin halin da ba a rubuta shi a inda mai nema zai gan shi ba, aiki ne da ba a kammala ba, ko da kuwa sauyin gyaran kuskure ne da kowa ya yarda ya dace.

Abin da ya bambanta laburaren saba

Saba manhaja ce da ke zaune a kan kwamfuta, ta buɗe ƙofa mai lamba kamar 80 ko 443 ko 8000, tana jiran wasu na'urori su zo da buƙata ta biya musu. Duk shafin da mutum ya buɗe a wayarsa, akwai sabar da ta karɓi buƙatar ta mayar da amsa. Ba kowane mai rubuta manhaja ne ke gina wannan tun daga tushe ba. Yaren da yake aiki da shi ya tanadar masa laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta. Python yana zuwa da irin waɗannan har uku da aka fi sani: socketserver, da http.server da aka ɗora a kansa, da kuma asyncio wanda ya shigo a sigar 3.4 cikin shekarar 2014.

Laburaren lissafi yana da sauƙin tantancewa. Ka ba shi lambobi, ya ba ka amsa, in amsar ta canza gwaji ɗaya ya isa ya tona. Laburaren saba kuwa rabin aikinsa a kan lokaci da jeri yake. Har tsawon wane lokaci zai jira wanda ya haɗu da shi amma ya yi shiru? Wa zai fara katse haɗin? In aka ce ya rufe alhali akwai buƙatun da bai gama amsawa ba, ya zai yi da su? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake gani a sunan umarni. Sau da yawa ma ba sa bayyana a kwamfutar mai rubuta manhajar, inda shi kaɗai ne ke gwadawa da burauza ɗaya. Sai an ɗora manhajar a bainar jama'a suke fitowa.

A wuraren da yawancin jama'a da waya suke shiga intanet, kuma sabis yana ɗaukewa ba sallama, abin ya fi tsanani. Wayar da sabis ya ɗauke mata a kan hanyar Kano zuwa Katsina ba ta aika wa sabar saƙon ban kwana. Ita sabar tana ganin haɗin a buɗe yake, za ta ci gaba da riƙe shi har sai wani wa'adi ya cika, in ma an sa wa'adin. Don haka tambayar ko laburare yana jiran buɗaɗɗun haɗi kafin ya rufe, ba tambayar ɗakin karatu ba ce ga wanda masu amfani da manhajarsa ke irin wannan yanayi.

Sauyi mai ƙara da sauyi na shiru

Sauye-sauyen da ke zuwa da sabuwar siga iri biyu ne. Na farko shi ne mai ƙara. Da Python 3.0 ya fito a Disambar 2008, an mayar da SocketServer ya zama socketserver da ƙananan baƙaƙe, aka kuma haɗe BaseHTTPServer da SimpleHTTPServer da CGIHTTPServer wuri guda ƙarƙashin http.server. Duk manhajar da ta kira tsohon suna faɗuwa take yi tun a layin farko, da saƙon da ya faɗi abin da ya ɓace. Haka ma lokacin da aka cire asyncore da asynchat da smtpd a sigar 3.12. Irin wannan yana da ciwo, amma ba ya ɓuya. Minti biyar ya isa mutum ya gane matsalarsa.

Python ma yana da doka a kan irin wannan. Takardar PEP 387 ta ce kafin a cire abu, sai an yi ta gargaɗi a kansa na aƙalla sigogi biyu. An ga ƙarfin dokar a kan asyncore ɗin nan: an cire shi tun ana shirya 3.11, sai aka mayar da shi saboda gargaɗin bai cika wa'adinsa ba, aka jinkirta har 3.12.

Na biyu shi ne na shiru, kuma shi ne jigon wannan sharhi. Manhaja tana tashi lafiya, tana karɓar baƙi lafiya, gwaje-gwaje suna wucewa, amma wani hali a can ciki ya juya. Gargaɗi ba ya yin amfani sosai a nan, domin umarnin ba cire shi za a yi ba, kuma laburaren ba shi da hanyar sanin ko wanda ya kira shi da tsohon halin ya dogara ko da sabon. Abin da ya rage tsakanin mai amfani da wahala shi ne rubutun bayani kaɗai.

Misalin da aka yi daidai: socketserver a 3.7

A ɗauki mai shagon da lokacin tashinsa ya yi, ga kwastomomi uku a ciki suna zaɓen kaya. Zai iya janyo ƙofa don kada sabon mutum ya shigo, ya zauna har ukun nan su biya su fita. Zai kuma iya janyo ƙofar ya kama hanyar gida, ya bar yaransa su sallame su. Duk biyun sunansu rufe shago, amma wanda ke tsaye a waje yana jiran mai shagon ya san bambancinsu.

Socketserver yana da tsarin ThreadingMixIn, wanda ke ware wa kowace buƙata nata ma'aikacin da ake kira zare, don kada baƙo ɗaya ya tare wa sauran hanya. Kafin sigar 3.7, in aka kira server_close() sai ya rufe ƙofa ya dawo nan take, ya bar kowane zare yana ci gaba da aikinsa. Wannan yana barin ayyuka a warwatse bayan an ɗauka an gama, kuma Victor Stinner, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Python, shi ya gyara shi. Daga 3.7, wadda ta fito a watan Yunin 2018, server_close() yana jira har kowane zare ya kammala, ban da wanda aka yi wa alamar daemon_threads. An yi wa takwaransa ForkingMixIn makamancin wannan gyara.

Gyaran yana da ma'ana, amma ga abin da zai iya haifarwa. In akwai baƙo ɗaya da ya riƙe haɗinsa ya ƙi saki, server_close() ba zai taɓa dawowa ba. Tsarin da ke kula da manhajar kuwa ba ya jira har abada. In ba a sauya saiti ba, systemd yana ba da daƙiƙa 90, Kubernetes daƙiƙa 30, Docker kuwa daƙiƙa 10 kacal, sannan a kashe manhajar da ƙarfi. Duk aikin da mai rubutun ya jera bayan server_close(), kamar adana abin da ke ƙwaƙwalwa ko rufe rumbun bayanai cikin tsari, ba zai gudana ba.

Abin yabon shi ne yadda aka sanar. A shafin socketserver, daidai ƙarƙashin ThreadingMixIn, an sa gajeren bayani mai lambar 3.7 da ya faɗi sabon halin. An maimaita shi a sashen da ake tanada wa masu ƙaura zuwa 3.7. Sannan aka ƙara saiti mai suna block_on_close, wanda in aka mayar da shi False tsohon halin ya dawo, aka kuma ambace shi a cikin bayanin. Jimloli biyu ko uku ne duka, amma sun faɗi siga, sun faɗi abin da ya sauya, sun nuna mafita.

Ko a nan ma akwai darasi na biyu. Don ya iya jiran kowane zare, dole laburaren ya riƙe jerinsu, jerin kuwa ya riƙa tsawo muddin sabar tana aiki, yana cin ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, sai daga baya aka gano aka toshe. Wanda ya ga sabarsa tana kumbura bayan ƙaura zuwa 3.7, layin nan mai lambar siga shi ne zai fara nuna masa inda zai tona. Rubutun sauyi ba ya hana kuskure, amma yana rage faɗin wurin da za a neme shi.

Sigar 3.6 ta Disambar 2016 ma ta zo da irin waɗannan guda biyu a laburaren. A da, kowane irin katsewa ya taso a tsakiyar amsa buƙata, har da danna Ctrl+C ko umarnin fita, handle_error() ne ke haɗiye shi, sabar ta ci gaba. Daga 3.6 kurakurai na yau da kullum kaɗai yake kamawa, don haka umarnin fita yana tsayar da sabar mai zare ɗaya. Haka kuma write() na wfile, inda sabar ke rubuta amsarta, ya fara ba da tabbacin tura dukkan bayanan da aka ba shi, ba wani yanki ba. Duka an rubuta su da lambar sigarsu.

Misalin da ya fi wuya: gyaran kuskure

Labarin wait_closed() ya fi wannan sarƙaƙiya, domin masu kula da asyncio ba sabon hali suka yi niyyar kawowa ba. Tun asali manufar umarnin ita ce ya jira har sabar ta rufe kuma kowane haɗi ya katse. Amma har zuwa 3.11 akwai kuskure a cikinsa: in an riga an kira close(), sai ya dawo nan take ko da akwai haɗin da ke buɗe. Shekaru aka yi a haka. An gyara a 3.12.0, gyaran bai cika ba, aka sake gyarawa a 3.12.1 cikin Disambar 2023.

A wurin mai gyara, an mayar da umarni kan abin da aka gina shi don shi. A wurin mai amfani kuwa, manhajarsa ce ta daina rufewa. Da yawa ma ba su taɓa kiran wait_closed() da hannunsu ba, domin laburaren da kansa yana kiransa idan aka fita daga tsarin async with, da kuma idan aka soke serve_forever(). Manhajojin da ba sa rufe haɗinsu da kansu sun daɗe suna tafiya lafiya albarkacin wancan kuskure, gyaran kuma ya fito da sakacinsu fili. Wani ƙarin nauyi shi ne, a 3.12 laburaren ba shi da umarnin da zai sallami dukkan baƙi lokaci guda. Sai a 3.13, cikin Oktoban 2024, aka ƙara close_clients() da abort_clients().

Wannan ne abin da ake kira dokar Hyrum, da sunan injiniya Hyrum Wright wanda ya lura da ita a Google: in masu amfani da laburare suka yi yawa, duk halin da ake iya gani a jikinsa akwai wanda zai dogara da shi, an yi alkawarinsa ko ba a yi ba. Kuskuren da ya shekara tara a laburaren da duniya ke amfani da shi ya riga ya zama hali. Gyara shi daidai ne, amma ba za a ajiye shi a jeri ɗaya da gyaran kuskuren rubutu ba.

A cikin rubutun asyncio kansa, daidai kan wait_closed(), masu kula da shi sun bar wani bayanin tarihi da ya fayyace matakan uku: yadda yake a 3.11, yadda aka yi ƙoƙarin gyarawa a 3.12.0, da yadda ya zama a 3.12.1. Bayani ne na gaskiya da riƙon amana, ya cancanci yabo. Sai dai wanda zai kai gare shi shi ne wanda ya riga ya gano cewa wait_closed() ne ke riƙe masa manhaja, gano hakan kuwa shi ne mafi wahalar aikin.

Wuraren da Python ke rubutawa, da giɓin da ke tsakaninsu

Python yana cikin yarukan da suka fi kula da wannan fanni. Manhajar Sphinx da Georg Brandl ya fitar a 2008 don takardun bayanin Python tana da alamomi na musamman: na abin da aka ƙara, na abin da aka canza, da na abin da ake shirin yasarwa, kowanne da lambar siga. Bayan wannan akwai dogon shafin sababbin abubuwa da ke raka kowace siga, mai ɗauke da sashen ƙaura. Sannan akwai kundin sauye-sauye, inda kusan kowane gyara ke da ɗan layinsa, wanda mai gyaran ke rubutawa tare da aikinsa. Kowane wuri da mai karatunsa: na farko na wanda ke duba umarni guda, na biyu na wanda ke shirin ƙaura, na uku na mai bin diddigi.

Duk da haka akwai giɓi uku. Na farko, mutane ba sa hawa sigogi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga 3.9 a 2020, Python yana fitar da sabuwar siga kowane Oktoba bisa tsarin PEP 602, amma yawancin sabobi da sigar da ta zo da tsarin kwamfutarsu suke aiki. Ubuntu 22.04 ya zo da 3.10, na 24.04 ya zo da 3.12. Debian 12 yana da 3.11, na 13 yana da 3.13. Red Hat Enterprise Linux 8 ya zo da 3.6, na 9 da 3.9. Wanda ya sabunta tsarinsa ya tsallake sigogi biyu ko uku a dare ɗaya, wataƙila bai ma lura Python ɗinsa ya canza ba. Shafin siga guda ba zai ishe shi ba. Abin da zai fi yi masa amfani shi ne tarihin da ke manne da umarnin kansa.

Giɓi na biyu na harshe ne. Mai gyara yana rubutu daga inda yake tsaye: umarni kaza yanzu yana jiran kaza. Wanda abin ya shafa kuwa bai san sunan umarnin ba. Abin da ya sani shi ne manhajarsa tana maƙalewa wajen rufewa, da wannan kuma zai yi bincike. In bayanin bai ambaci alamar da za a gani ba, mutanen biyu ba za su haɗu ba ko da suna shafi ɗaya.

Giɓi na uku shi ne ƙananan sigogi. Ana ɗauka cewa daga 3.8.0 zuwa 3.8.1 gyare-gyare ne kawai marasa haɗari, amma tsaro yakan tilasta sauyin hali a tsakiyar hanya. A 3.8.1, cikin Disambar 2019, an hana amfani da reuse_address a create_datagram_endpoint() na asyncio, domin a Linux saitin yana ba wata manhaja ta wani mutum daban damar zama a ƙofar UDP ɗaya ta kama saƙonnin da ba nata ba. Ba abin da za a jira shekara ba ne. A nan an yi abin da ya kamata: an buɗe sashe na musamman na 3.8.1 a ƙarshen shafin 3.8, aka kuma sa lambar 3.8.1 cikakkiya a kan umarnin. Lamba ta uku tana da muhimmanci, kamar yadda 3.12.0 da 3.12.1 suka sake nunawa.

Yadda Go da Node.js suka tunkari matsalar

Tambayar me rufewa ke nufi ba Python kaɗai ta dama ba. Yaren Go ya kauce mata tun farko: a sigar 1.8 ta Fabrairun 2017 ya ba sabarsa umarni biyu, Close mai katsewa nan take, da Shutdown mai jira wanda ake iya sa wa wa'adi. Hali biyu, suna biyu, babu ruɗani.

Inda sauyin hali ya zama dole, Go yana da wata dabara da aka tsara sosai a sigar 1.21 ta 2023. Kowace manhaja tana faɗin sigar Go da aka rubuta ta don ita a fayil ɗin go.mod, kuma sabon Go yana riƙe mata tsofaffin halaye har sai mai ita ya ɗaga lambar da hannunsa. Da 1.22 ta sauya yadda ServeMux, mai rarraba buƙatu a sabar, ke fassara adireshi a Fabrairun 2024, aka ba sauyin suna, httpmuxgo121, aka sa shi a shafi guda da ke jera irin waɗannan saituka siga bayan siga. Amfanin wannan shi ne sauyin ya zama abu mai suna da za a iya nema, a kunna, a kashe. Amma bai sauke nauyin rubutu ba. An samu waɗanda suka ɗora Go 1.22, suka rubuta adireshi da sabon salo, sabar ta riƙa amsa musu da 404, saboda go.mod ɗinsu yana ɗauke da tsohuwar lamba. Wanda bai karanta bayanin ba, dabarar da aka yi don kare shi ita ce ta ruɗa shi.

Node.js kuwa ya sa ɗan jadawalin tarihi a ƙarƙashin umarnansa, kowane layi da sigarsa. A nan mutum zai ga cewa a sigar 13 an cire wa'adin daƙiƙa 120 da sabar ke ba haɗin da ya yi shiru, a sigar 18 an sa wa karɓar buƙata wa'adin daƙiƙa 300, a sigar 19 kuma close() ya fara katse haɗin da ba ya aikin komai kafin ya dawo. Mai tsallake sigogi biyar zai ga duk abin da ya wuce shi a wuri ɗaya.

Hujjojin masu sassauci

Akwai masu ganin an cika matsa wa masu kula da laburare, kuma maganarsu tana da nauyi. Da yawa daga cikinsu 'yan sa kai ne, suna aikin a lokacin hutunsu. In aka ce kowane gyara sai an raka shi da dogon bayani, gyare-gyare za su ragu. Suna kuma cewa in aka cika shafi da layukan tarihi, sabon mai koyo zai rasa gane yadda umarnin yake a yau. Hujja ta uku ta fi ƙarfi: mai gyara ba ya iya hango duk wanda ya dogara da tsohon hali, ta yaya zai yi gargaɗi a kan abin da bai gani ba?

Ta farko tana da amsa mai sauƙi. Bayanin 3.7 da ya ceci mutane bai wuce jimloli uku ba, wanda ya iya gano kuskuren ya gyara shi ba zai kasa rubuta su ba. Ta biyu matsalar tsari ce, jadawalin Node.js kuma ya nuna ana iya ware tarihi gefe ba tare da an goge shi ba. Ta uku gaskiya ce, amma abin da take nunawa shi ne rubutun bayani ba ya ƙarewa ranar da siga ta fito. In ƙorafi iri ɗaya ya fara shigowa bayan fitowa, wannan shaida ce cewa akwai layin da ya kamata a koma a ƙara. Takardun Python a buɗe suke, ana gyara su a GitHub kamar yadda ake gyara laburaren, kuma wanda abin ya cije shi ya fi kowa sanin kalmomin da ya yi bincike da su bai samu komai ba.

Akwai kuma ma'auni mai sauƙi na rarrabe gyaran da ke buƙatar sanarwa. In gyaran ya sa abin da ke dawowa nan take ya fara jira, ko abin da ke jira ya fara katsewa, ko kuskuren da ake haɗiyewa ya fara fitowa, ko wata lambar wa'adi ta sauya, to sauyin hali ne, kowane suna aka ba shi.

Abin da kyakkyawan bayani ke ƙunsa

Daga misalan nan, abubuwa biyar ne ke sa bayani ya yi aikinsa. Ya faɗi sigar daidai, har da lamba ta uku in ta shafa. Ya faɗi yadda halin yake a da, domin mai ƙaura tsohon halin ya sani, da shi kuma zai gane cewa maganar ta shafe shi. Ya faɗi yadda yake yanzu. Ya faɗi alamar da wanda ya dogara da tsohon zai gani: maƙalewa ce, katsewar haɗi ce, ko faɗuwa. Sannan ya nuna abin yi, ko saitin da ke mayar da tsohon hali, ko gyaran da mutum zai yi a tasa manhajar. A sa shi a wuri biyu, kan umarnin da kuma sashen ƙaura. In akwai wasu umarnin da ke kiran wanda ya sauya a ɓoye, kamar yadda serve_forever() ke kiran wait_closed(), su ma a sa musu ishara.

Mai amfani shi ma yana da nasa rabon. Kafin ya sabunta tsarin kwamfutar da sabarsa ke kai, ya duba wace sigar Python zai bari da wadda zai tarar, ya karanta sashen ƙaura na kowace siga da ke tsakani, ba na ƙarshe kaɗai ba. Ya gudanar da gwaje-gwajensa da -X dev ko -W error don gargaɗin da ke ɓoye ya fito. Fiye da komai, ya gwada rufewa, ba tashi kaɗai ba: ya buɗe haɗi ɗaya ya bar shi shiru, ya ba sabar umarnin rufewa, ya ga abin da zai faru. Wannan gwaji na minti biyu da ya kama sauyin 3.7 da na 3.12 duka tun kafin su isa ga jama'a.

Amma nauyi mafi girma yana wuyan masu kula da laburare, domin su kaɗai ne suka san sauyin tun kafin ya faru. An riga an saba da ƙin karɓar gyaran da bai zo da gwajinsa ba. Ya kamata a riƙe rubutun sauyin hali da irin wannan tsanani: mai duba gyara ya tambayi ina bayanin, kamar yadda yake tambayar ina gwajin, in babu kuma ya mayar da shi a kammala. Sabobin da aka gina a kan waɗannan laburare suna ɗauke da kuɗin mutane, da bayanan marasa lafiya, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, kuma masu kula da su suna da haƙƙin a gaya musu abin da aka sauya kafin su ɗora shi a kan jama'a.